Gwaggo Mai Tsumma, Likitar Fentin Mota

Kafin rana ta haura katanga, Gwaggo Mai Tsumma ta riga ta share ƙarƙashin rumfarta, ta yayyafa ruwa don kada ƙasa ta tashi, ta jera bokiti biyu kusa da motar da ta kwana a gidan, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya. Ba ta taɓa komai sai ta kifa bayan hannunta a kan bonet, wato murfin injin, yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta. In ta ji ɗumi, sai ta ja kujera ta zauna. Mai mota ya yi ta duban agogo, ita ko a jikinta.

"Jikinta da zafi," haka take cewa. "Ka taɓa ganin an cuɗa mai zazzaɓi da sabulu?"

In ƙarfe ya huce, sai ta faro daga rufi ta gangaro, tayoyi su zo a ƙarshe da nasu tsumman daban. Igiyar shanya biyu ce a gidan, ta kayan sawa da ta tsummokaran aiki, kuma duk wanda ya kuskura ya zari na aikin ya goge takalmi, ranar zai san Gwaggo na da murya.

Shekara ashirin da uku ke nan tana wannan aiki a tsakar gidanta. A watan nan likita ya duba kafaɗarta ta dama, ya ce kafaɗar ta yi iya abin da za ta iya, a bar ta ta huta. Shi ya sa ya dace a faɗi wace ce ita, tun tana ji da kunnenta.

Ba gadon sana'ar ta yi ba. Maigidanta direban tasi ne, mai wata jar mota da yake ji da ita kamar ƙwai a cokali. Wata safiya ya sunkuya ɗaura takalmi, sai ɓarin jikinsa na dama ya ƙi tashi. Bayan an sallamo shi daga asibiti, aka ajiye masa kujera a bakin taga, motar kuma tana fake ƙarƙashin bishiya, daidai inda idonsa ke sauka. Wata bakwai yana kallonta. Rana ta cinye jan ya koma kamar garin bulo, tsuntsaye suka mayar da rufin masai, ƙaro ya ɗiɗɗiga ya bushe a bonet. Ƙaninsa ya zo ya ce a rabu da ita tun tana da sauran mutunci. Sai da ƙanin ya fita maigidan ya juyo da harshensa mai nauyi ya ce wa matarsa, "Ni da ita... duk an gama da mu."

Maganar ta tsaya wa Gwaggo a rai. Ta lura tun ranar ya rage cin abinci, ya daina motsa hannun da aka ce ya riƙa motsawa. Ran nan da rana tsaka ta ɗebo garin sabulun wanki da soson ƙarfe na kicin, ta ɗaura zani, ta hau motar da dirza iya ƙarfinta. Da ruwan ya bushe, sai ga bonet ya yi fari fat, duk zane-zane kamar kaji sun yi tono. Ta tsaya riƙe da soso, ta rasa inda za ta sa kanta. Daga taga ta ji wani sauti da ta yi wata bakwai ba ta ji ba. Maigidan ne yake dariya, har da hawaye.

"Tukunya... kika samu?" in ji shi.

Da wata matar ce, da kunya ta sa ta jefar da soson ta haƙura. Ita abin da ya dame ta daban ne. Me ya sa tukunya ke ƙyalli in an dirje ta, mota kuma ta mutu? Duka ba ƙarfe ba ne? Da wannan tambayar ta kwana, da ita ta tashi, da ita kuma ta yafa mayafi ta nufi garejin wani tsohon mai fenti da ke bayan layinsu.

Mai fentin ya zaci ɓatan hanya ta yi. Da ya ji abin da ya kawo ta, ya ajiye bindigar feshi ya dube ta sama da ƙasa.

"Hajiya, shekara talatin ina nan, masu mota ba su taɓa tambayata wannan ba. Su dai a yi musu sauri."

Ya jawo wata tsohuwar ƙofar mota ya nuna mata gefenta. Ashe fenti hawa-hawa ne kamar albasa: ga na ƙasa mai kama ƙarfe, ga launi, ga wani siririn mai haske a sama wanda bai kai kaurin takarda ba. Shi ne ke ƙyalli, shi ne kuma take ta kankarewa da sosonta.

"To in ya ƙare fa?" ta tambaya.

"Sai a zo wurina."

"In bai ƙare ba, ya dai gaji ne kawai?"

"Sai a lallashe shi."

"Da me ake lallashinsa?"

Ya yi dariya ya ce wannan mata za ta hana shi aiki. Ya ba ta ragowar man goge fenti a gwangwani, da ɗan kakin mota, ya kuma ce ta ɗauki tsohuwar ƙofar nan ta tafi da ita, ta ɓata ta yadda ta ga dama kafin ta sake taɓa motar mijinta.

Maƙwabta sun sha kallo ranar da aka shigo da ƙofar mota a baro. Wata ta leƙo ta ce, "Gwaggo, sauran motar sai yaushe za a kawo?" Gwaggo ta jingina ƙofar da bango, ta raba ta gida-gida da alli. Nan ta shafa kaki, nan ta bari haka. Nan ta wanke da garin sabulu, nan da ruwa zalla. Wani gidan ta lulluɓe, wani ta bar wa rana. Har kashin tsuntsu ta riƙa kwasowa da tsinke tana ɗorawa, tana lura da kwana nawa yake yi kafin ya ci fenti ya bar tabo. A haka ta gane garin sabulu yana wanke kakin tas ya bar fenti tsirara. Ta gane ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a tsumma ta fi wuƙa ɓarna. Ta gane lulluɓe mota mai ƙura da tamfol, iska na kaɗa shi, daidai yake da goga mata takardar yashi. Ranar da ta watsa ruwa a gidan da ta shafa wa kaki, ta ga ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, sai da ta kira duk mutanen gidan su zo su gani, kamar an yi haihuwa.

Sannan ta koma kan jar motar. Aka turo ta ƙarƙashin rumfa. Kullum faɗin tafin hannu biyu ko uku take yi, a hankali, ba ta ƙarawa. A kwana na tara, jan ya fara leƙowa a kusurwar bonet. Maigidan ya ce a fito da kujerarsa waje. Ya zauna yana ba da umarni da hannun hagu, wai ta tsallake can, wai nan bai fita ba. Gwaggo ta saurara har ya ishe ta, sai ta ninke tsumma ta cusa a hannunsa na dama, wanda ya shanye, ta ɗora hannun a kan ƙofa, ta dafa da nata.

"Tunda ka fi ni iyawa, Malam, bismilla."

Ranar hannun bai yi tafiyar da ta wuce tsawon yatsa ba. Amma washegari shi ya fara tambayar ina tsummansa. Bai sake tuƙi ba har yau, kada a yi ƙarya. Sai dai kafin motar ta gama dawowa hayyacinta, ya koma riƙe kofin shayinsa da kansa, ya koma cin abinci har da neman ƙari. Da aka samu direba mai amana ya fita da ita aiki, abokan sana'arsa suka yi ta tambayar wane gareji ne ya sake mata fenti. Da ya ce matar mai motar ce ta goge ta a gida, suka ce ya raina musu hankali. Ɗaya ya biyo shi don ya ƙaryata, ya tafi ya bar tasa motar a ƙarƙashin rumfa. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Ke ce, Gwaggo, kika mayar da tambaya sana'a. Ke ce mai hannu kamar auduga, mai ido kamar allura.

Wata malamar makaranta da ke layin ba ta manta nata ba. Surukinta ya ara mata motarsa ta kai mahaifiyarta asibiti, a hanyar dawowa ta goga gefen da ginshiƙin ƙofar gida. Ta iso wurin Gwaggo tana cewa mutumin nan ko ƙuda ba ya bari ya sauka a motar. Gwaggo ta wanke wurin, ta bi zanen guda uku da farce. Biyu farcen ya wuce sumul, na ukun ya maƙale.

"Waɗannan biyun a sama suke, zan fitar da su. Wannan kuwa ya kai ƙasa. In na matsa masa, zan cinye fentin da ke kewaye, in ƙara miki wani laifin."

"Gwaggo, ki rufa mini asiri, ko ɗan abu ki shafa ya ɓoye."

"Zai ɓoye har wankin farko. Ranar da ya gani da kansa, wanne zai fi yi masa ciwo, zanen ko shirunki?"

Ta goge biyun suka ɓace, ta yafa mayafi ta raka malamar har gaban surukin. Tsohon ya zagaya motar sau biyu fuska a murtuke, yana neman inda aka ce an goge, bai samu ba. Ƙarshe ya tsuguna yana tambayar Gwaggo yadda ta yi, har ya manta da faɗan da ya shirya.

Wani dillalin motoci ma ya ga nasa. Ya kawo wata farar mota ya ce a sa ta ƙyalli, gobe mai saye zai zo. Tana cikin wanki, tafin hannunta ya ji ƙofar baya ba ta yi sanyi irin na sauran jikin ba. Abin ya ba ta mamaki. Ta ƙwanƙwasa da yatsa, sautin ya fito a toshe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ɗan maganaɗisun da take tsintar allura da shi, ta naɗe a ƙyalle ta bi jikin motar. Ko'ina yana kamawa, amma daga ƙofar baya har ginshiƙin da ke riƙe rufi, sai ya zame ya faɗi. Ciko ne aka lafta aka fesa fenti a kai.

"Alhaji, motar nan ta sha mummunan karo. Mai sayen ya sani?"

"Ke goge aka ce ki yi, ba duba ba."

"To ai ni ban iya kwalliyar da ke rufe karaya ba. Iyalin wani za su zauna a bayan nan."

Ya ja motarsa da kumfa a jiki, ya daina gaishe ta, ya kuma janye duk motocin da yake kawo mata. Ta ji a jikinta, don shi ne mafi yawan aikinta a lokacin. Ba ta bi shi da magana ba, ba ta kuma je ba shi haƙuri ba.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ba ta rowar sani. Duk wanda ya kawo mota sai ta tsayar da shi ta nuna masa: kashin tsuntsu a jiƙa shi da tsumma mai ruwa ya yi laushi, kada a kankare, kaki kaɗan ake shafawa, ba a lafta shi, man gogewa ba na kullum ba ne, don duk gogewa ɗaya tana rage fenti. Ɗiyarta ta taɓa ce mata, "Inna, kina koya musu, wa zai dawo?" Ta ce, "Malalata sun fi yawa, kada ki damu." A yau rabin magidantan layin suna wanke motocinsu a inuwa da bokiti biyu, wasu ma ba su san daga ina suka koya ba.

A makon jiya, bayan ta ajiye aiki, wani baƙo ya faka wata sabuwar mota a ƙofar gidan maƙwabci, mai launin toka, fentinta ba ya ƙyalli ko kaɗan, haka aka ƙera ta. Gwaggo ta fito da hannu a rataye cikin majanyi, ta zagaya ta sau uku. Ta duba ta gefe, ta duba ta inda haske ke faɗowa. Da mai motar ya fito, ta tare shi.

"Ɗana, don Allah kada ka yi sauri. Fentin da ba ya ƙyalli, da me ake gane yana cikin ƙoshin lafiya?"

Bai sani ba. Ta sa aka kawo masa kujera.

Mun gode, Gwaggo. Ke ce kika nuna mana cewa ƙaramin aiki ba ya ƙasƙantar da mai yinsa, in ya tsaya ya fahimce shi. Allah ya ba kafaɗar nan sauƙi, ya ƙara wa Malam lafiya, ya sa ku daɗe kuna musu a ƙarƙashin rumfa. Mu kuma da muka saura, mai allura da mai alli, mai guduma da mai biro, kowa ya dubi abin da ke hannunsa yau, ya yi masa tambaya ɗaya da bai taɓa yi ba, kuma kada ya ji kunyar zuwa wurin wanda ya sani.