Ranar da Aka Auna Mu a Lyon

Ni ban nemi wasan nan ba. Ina tsaye a ƙofar kantin atamfa na kawuna a Château Rouge, ina sauke bandir daga mota, sai wani Bature ya tsaya yana kallona daga ƙafa har kai. Da karyayyen Faransanci ya tambaye ni tsawona. Na ce mita biyu saura kaɗan. Ya ce shi ɗan Ostareliya ne, yana horar da wata ƙaramar ekip, wato ƙungiya, ta ƙwallon ƙasarsu a nan Paris, in zo ran Asabar in gani. Da ya tafi kawu ya ce, "Je ka mana, ko ka rage zama cikin ƙyalle." A farkon shekarun 2010 ne, ina da shekara ashirin da biyu, na baro Maraɗi don karatu, karatun kuma yana tafiyar hawainiya.

Wasan ba shi da kama da balo, ƙwallon ƙafar da muka sani. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, ana bugunta da ƙafa, ana cafke ta a sama, in za ka ba wani da hannu sai ka naushe ta, ba a jifa. Turaku huɗu ake kafawa a kowane gefe, wanda ya buga tsakanin na tsakiya ya ci shida. A ƙasarsu fili ne makeke da mutum goma sha takwas kowane ɓangare. Mu a filin rugbi muke yi, mu tara tara, in ma an cika.

Tun ranar farko mai horarwar ya kai ni tsakiyar fili ya ce, "Nan ne wurinka." Aikin da ya ba ni suna kiransa rak: alƙali ya cilla ƙwallo sama, ni da dogon ɗaya ɓangaren mu yi tsalle, wanda ya riga ya doke ta ƙasa wajen mutanensa. Shi ke nan. Bai koya mini bugu ba, bai koya mini gudu da ita ba. In na tambaya sai ya ce, "Kai dai yi tsalle."

Wanda ya koya mini wasan wani ne dabam, wani ɗan Garwa, gajere, mai faɗin ƙirji, da ke aikin tura marasa lafiya a wani asibiti. Mu biyu kaɗai ke jin Hausa a ekip ɗin. Shi ke tsayawa a ƙarƙashina yana jiran abin da zan doko, ya tsince ta ya ratsa mutane. Ya riga ni shiga da shekara biyu, kuma shi ya ɗauki abin da gaske. Yana da littafi da yake zana inda kowa ya kamata ya tsaya. Ya koyi bugu da ƙafar hagu shi kaɗai a jikin katangar asibiti lokacin hutun abinci. Bayan kowa ya watse yakan riƙe ni.

"Ɗan'uwa, kada ka doke ta inda ka ga dama. Dubi hannuna. In na taɓa cinya, bayanka nake so. In na taɓa kai, gaba."

Shekara uku muna haka. Duk cin da aka ce na yi a tsakiya, shi ya tsara shi da taɓa cinya da taɓa kai. Kowa a ekip ya san haka, har mai horarwar, wanda yakan ce da shi ƙwaƙwalwar fili.

Wata rana aka sanar da mu cewa wani mai neman ƴan wasa zai zo daga Ostareliya, zai zaɓi mutum ɗaya ko biyu daga Faransa a kai su horon mako shida a can. A Lyon za a taru. Abokina ya musanya ranakun aikinsa da wani, ya sayi sabon takalmi. A cikin jirgin ƙasa sai jujjuya ƙwallo yake yi a cinyarsa.

Filin yana wajen Vaulx-en-Velin, tsakanin dogayen gidajen gwamnati, ciyawarsa duk ta caɓe da ruwan safiya. Mu kusan talatin muka zo daga garuruwa dabam dabam. Mutumin ya iso da jar fuska da tabarau a goshi, da wata mata mai riƙe da kyamara. Bai gaishe mu ba. Ya sa aka jera mu a jikin bangon ɗakin canza kaya, ya ce a tuɓe riguna.

Na ga yadda ake taya rago a kasuwar Maraɗi kafin Layya, kuma wallahi mai sayen rago ya fi mutumin nan kunya. Ya auna tsawo, ya auna faɗin hannu daga yatsa zuwa yatsa, ya buɗe tafina ya ɗora nasa a kai. Ya matsa cinyata da yatsu biyu, ya juya ya faɗa wa matar wani abu da Turanci, suka yi dariya. Ana sanyi, jikina yana ɓari, yatsunsa kuma da danshi. Har yau in na tuna taɓin nan sai tsigar jikina ta tashi. Da ya zo kan abokina ko igiyar awon bai warware ba. Ya dube shi, ya yi ɗan zane a takarda, ya wuce na gaba.

Na ce a raina ba komai, ai za a yi wasa, fili zai nuna.

Fili kuwa ya nuna. Ban taɓa ganin abokina ya yi wasa kamar ranar ba. Ya ci uku, ɗaya da hagu daga kusurwar da ba a ci. Ya kayar da wani ƙato ɗan Lyon da ya ninka shi nauyi. Ƴan ɗaya ɓangaren ma tafa masa suke yi. Ni kuwa na yi wasan banza. Sau biyu ƙwallo ta suɓuce mini a ƙirji, bugun da na yi ɗaya tak ya fita waje ya daki motar wani. Duk lokacin da na waiwaya gefen fili, mutumin yana waya, ko yana cin sanwic, ya ba mu baya.

Bayan an tashi ya kira ni, ni kaɗai, da mai horar da mu a matsayin tafinta. Abokina yana tsaye ɗan nesa yana kwance igiyar takalmi, yana jin komai.

Mutumin ya ce ni yake so. Mai horarwar, don Allah ya yi ƙoƙari sau ɗaya, ya nuna abokina ya ce wancan ne ya fi kowa iya wasa. Mutumin ya ɗaga kafaɗa. Abin da aka fassara mini shi ne: "Gajeru masu wayo muna da su cike da gari. Wasa ana koya wa mutum. Tsawo ba a koyarwa."

Sai ya shiga yi mini tambayoyi. Wane ƙauye na fito? Akwai yaƙi a can? Da ƙafa na ratsa hamada? Na ce babana malamin lakkal ne, makarantar boko, a jirgin sama na zo da biza ta karatu. Na ga fuskarsa ta faɗi kamar wanda aka ba shayi ba sukari. Matar ta ce in riƙe ƙwallo in daina murmushi, ta ɗauki hoto.

Abin da ya fi damuna a duk labarin nan shi ne abin da ni na yi a lokacin. Ban yi komai ba. Ina da bakin da zan ce ba ni zuwa sai da shi, ko in ce a sake dubawa, ko aƙalla in janye hannuna. Na miƙa hannu muka gaisa, na ce mersi har sau biyu. Daɗi nake ji. Ina jin ƙyamar mutumin kuma ina jin daɗin ya zaɓe ni, duka a lokaci guda.

Kafin jirginmu ya tashi ni da abokina muka shiga wani gidan abinci a La Guillotière, muka sa aka kawo shinkafa da miyar gyaɗa. Na kasa haɗa ido da shi. Na fara cewa, "Wallahi ni ban..." sai ya ɗaga cokali ya tsayar da ni.

"Ci abincinka. In ka je can, ka roƙe su su gyara maka sakin ƙwallo in za ka buga. Kana sakinta da hannu biyu, shi ya sa take karkacewa. Da hannu ɗaya ake raka ta har ƙafa."

Ya ɗauki kwalbar ruwa ya nuna mini yadda ake yi. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na tura shinkafar nan da ƙyar.

Bayan mako uku mai horarwar ya turo mini takardar da mutanen Ostareliyan suka buga don neman masu tallafi. Ga hotona, fuska a murtuke, a ƙasa an rubuta cewa na tsere wa yunwa da rikici, ban taɓa sa takalmi ba sai da na zo Turai, wasan nan ne ya cece ni. Na karanta a bayan kanti, tsakanin bandiran atamfa. Babana da ya yi shekara talatin yana koyar da ƴaƴan mutane, yana goge takalminsa kowace safiya, shi aka mayar haka. Na kira mai horarwar.

"Wannan ƙarya ce, kai ma ka sani."

"Na sani," in ji shi. "Amma haka ake samun masu taimako. Kada ka ɗauke shi da zafi."

Zan so in ce a nan na ce musu na fasa. Ban ce ba. Na yi fushi na kwana biyu, sannan na ci gaba da haɗa takardun biza, ina ɓoye takardar kada kawu ya gani. Su suka fasa. Wata ɗaya kafin tafiya saƙo ya zo, layi uku: sun sami wani a wata ƙasar Turai, ɗan shekara goma sha tara, ya fi ni tsawo da ɗan yatsa, suna yi mini fatan alheri. Hoton nawa kuwa ya ci gaba da zama a takardarsu har shekara ta zagayo.

Abokina bai bar wasan nan take ba. Ya ƙarasa kakar, ya yi wasa yadda ya saba, sai dai ya daina zuwa da littafinsa, ya kuma daina tsayawa bayan an tashi. Ni na fara daina zuwa. Na kasa tsayawa a tsakiyar fili in dubi hannunsa ina jiran ya taɓa cinya.

Daga baya ya sami aiki a wani asibiti a Lyon ya koma can da iyalinsa. Mukan yi waya da Salla, mu gaisa, in tambayi yara, ya tambayi kawu. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce masa ina neman gafara a kan ranar nan. Ya ce, "Wace rana?" Sannan ya ce ana kiransa, za a kai wata tsohuwa ɗakin hoto, ya kashe wayar.