Tsofaffin Nairorina a Gombe

Mun bar Kano ana kiran assalatu, mu shida a Fijo, kowa ya rungume jakarsa kamar jariri. Kwana uku suka rage a daina karɓar tsohuwar naira, ni kuwa duk jarin shagona na atamfa yana cikin jakar nan. Na yi kwana biyu a layin banki a Kano ban ko ga ƙofa ba, shi ne wani mai wayo ya ce in tafi Gombe, can babu cunkoso. Ni ma da nawa wayon na yarda.

Tun daga Wudil musu ya kaure. Wani malamin makaranta ya ce kuɗin man fetur ya tafi ke nan, naira ba za ta sake tashi ba. Direba ya ce ai yanzu za ta gyaru, tunda waɗanda suka ɓoye ta a waje sun tafka asara. A Darazo muka tsaya cin tuwo, mai tuwon ta dubi tsohuwar nairata ta ce, "Alhaji, sai dai kwabbai." Da yake canjin bai shafi tsaba ba, kwabon da muke rainawa shi ya ciyar da mu ranar.

Da la'asar muka gangara Gombe, gari a cikin kwari, ga manyan motocin hatsi ko'ina. Layin bankin kuwa ya fi na Kano. Makiyaya sun fito daga daji da kuɗin shanu a buhu, sun shimfiɗa tabarmi a bakin titi. 

Na sauka a Bagadaza, gidan aminin mahaifina, wani dattijo dillalin hatsi. Bayan an kawo fura da nono mai kauri na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya ce, "Ɗana, kai baƙo ne, layin nan ba zai kai kanka ba. Gobe mu je Kwadon."

A Kwadon ya buɗe ɗakin ajiyarsa, wake fari tas har rufi. Ya ce in ɗauki na kuɗina, shi zai karɓi tsofaffin ya bi layi da su.

"Baba, in ba su canzu ba fa?"

"Ni ɗan gari ne. Loda kawai."

Ana lodi yana nuna mini gonakin audugar da aka watsar lokacin da kowa ya tafi neman kwangila, yanzu ga masu su sun dawo suna sharar gona. Ya ce daga nan naira za ta sami ƙarfi, in za ta samu. Na gaskata shi fiye da duk masu musun cikin mota.

Na dawo Kano a gaban motar waken, na sayar da shi da sabuwar naira, shagona bai rufe ba. Na tafi neman banki, mutum ne ya cece ni, kuma har yau ban san bakin da zan gode masa da shi ba.

Bayan mako direban motar waken ya biyo ta shago, ya ce Baba yana gaishe ni, wai in kwantar da hankali, ya canza kuɗin.

Na ce, "Duka?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ya ce in ka tambayi haka, in ce maka ka gaida gida."