Tsohuwar da Ta Gaji da Kwal

Ermek, mai sayar da na'urorin ɗumama ɗaki a wata kasuwar Bishkek, babban birnin Kirgizistan, yana kallon wata mata tun daga bakin ƙofar shagonsa. Gajeriyar tsohuwa ce mai farin ɗankwali, takalmanta duk dusar ƙanƙara. Layukan tafin hannunta baƙi ƙirin ne, irin baƙin kwal da sabulu ya gaji ya ƙyale. Da gani ita ke tashi hura murhu kafin kowa ya motsa, ita ke kwashe toka.

Ɗanta yana biye da ita yana gunaguni. "Iya, wannan fa iyakwandishan ce, ba murhu ba. In sanyin tsakiyar hunturu ya kama, maƙwabta dariya za su yi mana."

"Su yi ta yi. Haƙoransu ne za su daskare."

Kowace na'ura rabi biyu ce, amma tsohuwar ba ta ko kallon rabin da ake maƙalawa a bangon ɗaki. Rabin da ke kwana a waje take ƙwanƙwasawa kamar mai zaɓen kankana, tana neman wadda ba ta sarewa ko famfo ya daskare. Da ta samu, sai ta zaro bargon gashin tumaki daga jaka tana gwada mata, yadda ake lulluɓe ɗan maraƙi.

"Kada ki rufe ta, Iya," in ji Ermek. "Daga cikin iskar sanyin nan take tatso ɗumin. In kin lulluɓe ta, kin shaƙe ta."

Tsohuwar ta daɗe tana duban na'urar.

"Ashe 'yar'uwata ce," ta ce. "Shekara hamsin ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa lulluɓe ni."

Ta yafa bargon a kafaɗarta, ta nuna wa ɗan da haɓa. "Ɗauko ta mu tafi."