Kaskon Turaren Umma

Akwai kalmar Turanci ɗaya da har gobe in na ji ta sai raina ya ɓaci: break, wato fasawa. A aji biyar na firamare na koye ta, can wajen Shahuci, kuma ba da alli aka koya mini ba.

Malaminmu na Turanci mutum ne mai son a ce ya fi sauran malamai dabara. Shi ba ya bayanin kalma da baki, sai ya aikata mu gani. Ranar da zai koya mana ci da Turanci, ƙosan wata yarinya ya cinye tas, muna ta maimaitawa a bayansa.

Wata rana ya nuna ni da bulala. "Ke, gobe ki zo da kasko daga gida." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da ya ƙara kalma ɗaya, ya ce tsohon kasko, bakinsa zai yage ne?

Mu kuwa a gidanmu ba a kai wa malami abin banza. Ga kaskon da kaji ke shan ruwa a gindin rariya, amma Umma ta ce Allah ya kiyaye ta ji wannan kunyar. Ta sauko da kaskon turaren wuta da ta gada daga mahaifiyarta, shi kaɗai ya rage mata na marigayiyar. Ta naɗe shi a ɗankwali ta ce, "Riƙe da hannu biyu. Ki dawo mini da shi yadda yake."

Malam bai ko dube shi ba. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Break," ya sake shi a kan siminti. "Broke." Ya tura gutsattsarin da takalmi. "Broken." Aji ya ɗauka da ƙarfi. Ƙamshin ɗakin kakata ya tashi, ya cika ajin.

Na ce, "Malam, na kakata ne."

"To wa ya ce ki kawo mai kyau? Maimaita!"

Na maimaita ina kuka, sannan ya sa ni na share wurin, na ƙulle gutsattsarin a ɗankwalin. Haƙuri ma bai ba ni ba, wallahi ko sau ɗaya.

A gida Baba ya kashe maganar tun daga zaure: ba a kai ƙarar malami. Umma ta kwance ɗankwalin, ta daɗe tana kallon abin da ke ciki. Na so ta yi faɗa, na so ta zagi Malam, ko ni ta doke ni. Sai kawai ta ce, "Kin dai iya karatun?"

Na jero mata kalmomin nan uku.

"To, alhamdu lillahi," in ji ta.

Wannan godiyar ta fi fashewar kaskon yi mini ciwo. Ranar Juma'a ina kallo ta kori kaji, ta wanke kaskonsu, ta zuba garwashi a ciki.