Dutsen da Ya Gaza da Tafi Huɗu

Kafin rana ta haye kogin Nilu ta iso mana nan yammacin Luksor, Rayyis Nubi ya riga ya yi sallah, ya ci wakensa da gurasa, ya sha baƙin shayi kofi biyu, ya kuma sami wanda zai yi wa faɗa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan haka yake. Shi ne shugaban magina a filin da ake tayar da rusassun gine-ginen Fir'aunoni, shi ya sa ake ce masa Rayyis. Ƙarfe shida yana gindin bango, rawani a karkace, da 'yar sandar goruba a hammata. Baƙo zai ɗauka ta korar jaki ce. Ita ce ma'auninsa: kamu ɗaya cif, an tsaga ta gida bakwai, kowane gida tafi ɗaya, wato faɗin yatsu huɗu.

"Kamunka na sayen igiya tafi shida ne," haka yake gaya wa duk sabon zuwa. "Na mutanen da bakwai ne. Sarki ne ya yi gini, ai dole hannunsa ya fi naka tsawo."

A makon jiya ya ajiye aiki. Masana sun zo sun wuce ta hannunsa, sun rubuta littattafai masu kauri, sunansa bai hau ko bangon baya ba. Abin yana ba ni haushi, shi ko a jikinsa. To, bari in ba da labari ɗaya da aka yi a gaban mutum talatin.

Bara ana tayar da ƙofar wani tsohon haikali. Wasu duwatsun sun ɓace tun zamanin da babu wanda ya sani, dole a sassaƙa sabbi. Mai sassaƙar shi ne Girgis, Kirista, abokin Nubi tun suna yara. Ya shekara talatin yana gyara dutsen gidaje, amma watansa biyu kacal a wannan fili, kuma bakuna shida ke ci daga gudumarsa. Nubi ya kira shi a waya yana can wurin fasa dutse, ya ce, "Kamu huɗu." Darasin da yake yi wa kowa, kunya ta hana shi yi wa tsaransa. Girgis kuwa ya ɗora hannunsa ya auna, yadda kowa ke yi a ƙauyenmu.

Bayan mako uku mota ta sauke dutsen. Injiniya Samiha, 'yar Alƙahira mai kula da aikin, ta ja awo sau biyu, fuskarta ta canza. Dutsen ya gaza da tafi huɗu.

"Kawu Girgis, wannan dutse ka kawo mini ko guntu?"

"Kamu huɗu aka ce, Injiniya. Ga hannun nan, a auna."

"Wannan hannun naka?" in ji Nubi. "Ai fiffiken kaza ya fi shi tsawo."

Babu wanda ya yi dariya. Kowa ya san doka: wanda ya ɓata dutse irin wannan, ya tattara kayansa. Samiha ba muguwa ba ce, amma ita ma akwai na sama da ita. Ta ɗauko takardar sallama. Girgis ya zauna a kan dutsen, ya sunkuyar da kai.

"'Yata," in ji Nubi, "in rubutu za ki yi, rubuta Nubi. Ni na ce kamu, ban ce na wa ba."

Saura masa wata takwas ya tafi da sunansa tas, ya ɗauko shi ya ajiye a kan takardar nan. Ya roƙi a ba shi zuwa lokacin shayi. Ya je ya tsaya a gefen bangon, ya ɗora sandarsa, ya matsar, ya sake ɗorawa, bakinsa yana motsi kamar mai jan carbi. Da ya dawo sai ya ce wa Samiha, "Bangon nan a miƙe yake?"

"A jingine yake, Rayyis, kowa ya sani. Digiri tamanin da biyu."

"Ni ban san wani digiri ba sai wanda kike da shi. Abin da na sani, duk kamu ɗaya da bangon nan ya hau, yana tsukewa da tafi ɗaya. Ki hau kamu huɗu daga inda muke, tafi nawa ya ragu?"

Samiha ta ɗaga kai ta dubi bangon. Can sama ma akwai gurbin da babu dutse, wanda ba a kai ga yin odarsa ba. Ta buɗe na'urarta ta danna, ta sake dannawa, sannan ta ninke takardar ta cusa a aljihu.

Da gini ya kai wurin, aka ɗaga dutsen Girgis da inji. Nubi yana ƙasa yana ba da umarni da yatsa. Dutsen ya sauka a hankali ya zauna daram, ko bakin wuƙa ba zai shiga tsakani ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama, amma sai da aka sami mai idon ganin wurin zaman. Girgis ya rungume shi yana kuka.

"Sake ni," in ji Nubi, "kar ka auna ni da hannun nan naka in gaza."

Rayyis, kai ne wanda ya karanta lissafin mutanen da a jikin bango, ba tare da ka zauna a aji ba. Kai ne mai faɗa da safe, mai tare wa mutum wuta da rana. Na ga magina da yawa masu gane kuskure tun daga nesa, kuma gane kuskure ba wuya. Kaɗan ne za su ce nasu ne, sa'annan su tsaya neman inda zai yi amfani. Muna sonka, ko da yake ba ka taɓa barin mu mun faɗa ba. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma masu mutane a ƙarƙashinku, in aikin wani ya gaza, ku tambayi bakinku abin da ya faɗa kafin ku ɗauko takarda. Girgis yana nan a bakin aikinsa. Shi ya sassaƙa dutsen ƙarshe na ƙofar, kuma yau da safe na ji shi yana tsare wani sabon magini, yana ce masa, "Tsaya tukuna. Kamun wa?"