Ƙarfen da ke bakin tanderu

Har yanzu idan murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida sai in zabura in waiwaya. Wata biyu ke nan da bakin tanderun babanmu ya rufto, ina tsaye taku uku daga wurin, da farantin burodi a hannuna.

Babanmu mai burodi ne a Mayahi. Tanderunsa na laka ne da jan bulo, ya kai girman ƙaramin ɗaki, kuma ya girme ni. Da azumi ya matso, ya so ya ƙara wuta, ya riƙa gashi sau uku a rana maimakon biyu. Yayana, wanda ke karatun injiniya a Maraɗi, ya zo hutu da ordinatarsa, wato kwamfuta, ya ce a bari ya duba ko ginin zai ɗauki zafin.

Ni ya miƙa wa metir na awo da kaye na rubutu, tunda na yi lise, babbar sakandare. Ya ce na'urar ba ta iya bin zafi a cikin abu babba gaba ɗaya. Sai an yanyanka hotonsa ƙanana-ƙanana, kamar an lulluɓa masa raga, sannan ta lissafa yadda kowane ido ke miƙa wa maƙwabcinsa zafi. In idanun suka yi yawa, sai ta yi ta nishi har batir ya mutu.

"Ke ƴar lise, kar ki kwaso mini kowane ramin gara," in ji shi. "Manya-manya kawai."

"To injiniya. In ka faɗi, kar ka ce ni ce."

A saman bakin tanderun akwai wani guntun ƙarfen mota da Baba ya gitta tun ina ƙarama, ya shafe shi da laka. Ba a ganinsa. Ni na sani, don ni na riƙa miƙa masa laka a ranar. Ina cikin awo na tuna da shi, har na ɗora bik a kan takarda zan rubuta. Sai na ce a raina, ai ƙaramin abu ne. Na bar shi.

Hoton ya fito da kyau: ja a ciki, rawaya a tsakiya, shuɗi a waje. Yaya ya ce ginin zai ɗauki zafin. Baba ya leƙa ya yi dariya. "Wagga atamfa ce za ta koya mini icce?" Amma ya yarda, don ɗansa ne.

Rana ta huɗu da ƙara wutar, bayan azahar, a gashi na uku, muka ji ƙara kamar ta bindiga. Bulo ya zubo a ƙafar Baba, garwashi ya watsu har gefen zanena. Ban yi ihu ba. Tsayawa na yi da farantin har maƙwabta suka ɓamɓare shi daga hannuna.

Yatsu biyu na ƙafar Baba suka karye. Da aka dawo da Baba daga likita, kalma uku ya faɗa wa yayana: "Boko ya biya." Yaya ya rufe ordinatar ya tura ta ƙarƙashin gado. Ya ce ba zai koma Maraɗi ba, wanda ya kusa kashe ubansa da lissafi ba shi da abin koya. Ni kuwa babu wanda ya tambaye ni komai. Sannu kawai ake yi mini.

Sati biyu ina ɗauke da abin. Wata safiya ina tankaɗe wa Inna gari, na ga tsakuwa ta bi ta inda rariyar ta yage, ta shige cikin garin tsaf. Na ajiye, na sami Yaya a zaure.

"Yaya, akwai ƙarfe a bakin tanderun. Na sani, ban rubuta ba."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Sannan ya jawo ordinatar. Na nuna masa tsawon ƙarfen da hannu, ya saka shi a hoton, ya matse idanun ragar a wurin kaɗai, sauran jikin ya bar su manya. Tun hantsi take aiki har la'asar. Wani jan layi ya fito ya ratsa shuɗin, daidai inda bangon ya tsage. Ya ce ƙarfe ya fi laka jan zafi, ya fi ta miƙewa, shi ya ture bulon.

"Ni na ce ki bar ƙanana," in ji shi a hankali. "Ban tambayi mi ke cikin bangon ba."

Tare muka kai wa Baba. Ya dubi jan layin, ya dubi ƙafarsa. "Ni na sa shi da hannuna," ya ce. "Wallahi na manta."

Yaya ya koma makaranta bayan sallah. Ana gina sabon tanderu yanzu, ni ke awon, ina tura masa ta waya. Har ƙusa nake rubutawa, shi ya zaɓi abin da zai bari. Bakin tanderun dai Baba ke auna mini, yana ɗingishi. Ni ban iya matsawa wurin ba tukuna.