Mubina Mai Jin Indiyanci

Zan faɗa muku wani abu kan Mubina, amma ku bari na gyara zama, don sai kun san halinta tukun.

Mubina dai mai kitso ce a layinmu na Fagge, bakinta kamar reza. Mijinta ya tafi Ikko fatauci tun zamanin soja, ga soja sun koma bariki, fastocin 'yan siyasa sun cinye mana bango, shi ko saƙon gaisuwa. Abin da ke tara mata mata ba kitson ba ne, don kitsonta sai ya sa miki ciwon kai har jikokinki. Wai ita tana jin Indiyanci! Ta sayo kaset ɗin waƙoƙin Indiya wurin Obinna mai shagon kaset a Sabon Gari, ta kunna, tana jan gashi tana fassara: "Ta ce ɗakin nan ya yi mata faɗi. Ta ce ba mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ce jirgin ƙasa, tsaya ka ɗauke ni." Mata a yi ta sharɓe hawaye har tabarma ta jiƙe.

To ni na lura, kowace waƙa jirgin nan ne. Ko ta biki ce, ana ta tsalle da ganguna, jirgi! Na ɗauki kaset ɗaya na ba yayana ya kai wa Ba'indiyen da yake wa aiki a Kantin Kwari. Mutumin ya ce yabon damina ake yi. Na ce yau asirin Mubina ya tonu, sai na watse mata taro.

Da hantsi na laɓe a bakin labulenta ina jiran mata su cika. Ba kowa, rediyon ma a kashe. Sai na ji ta ita kaɗai, ƙasa-ƙasa: "Ɗakin nan ya yi faɗi. Jirgi, tsaya..."

Mubina ta yaye labule fuuu.

"Ummakulsum, munafuka! Ƙafarki kamar faranti, a ina za ta ɓuya?"

Na ɗaga kaset. "Damina ce, Yaya Mubina. Babu jirgi."

"Je ki faɗa musu, ki ga wadda za ta fasa zuwa. Ke da kika fi kowa majina ranar Laraba, damina kike wa kuka? Matsa min daga ƙofa!"